Zafi da Girman Iska: Darasin da Bai Kamata a Bar Shi ga Hadda Ba

A kowace shekara dubban ɗalibai na manyan azuzuwan sakandare suna haddace wata gajeriyar jimla da ake kira ƙa'idar Chals. Jimlar tana cewa girman iska yana ƙaruwa daidai gwargwadon ƙaruwar zafinta, muddin matsin da ke kanta bai sauya ba, kuma ba a ƙara yawanta ko an rage ba. Suna rubuta ta a jarrabawar WAEC ko ta NECO, su jera haruffan lissafinta, da yawansu kuma su ci maki. Amma da za a tsayar da ɗaya daga cikinsu a tambaye shi dalilin da ya sa gorar roba wadda babu komai a cikinta, aka kuma toshe bakinta da safe, take yin tauri ta kumbura idan ta wuni a rana, sau da yawa amsar da zai bayar ba ta wuce "ai zafi ne" ba. Amsar ba ƙarya ba ce, sai dai kakarsa da ba ta taɓa shiga aji ba ita ma abin da za ta faɗa ke nan. To, ina amfanin shekarun da ya yi yana karatun fiziks da kemistiri?

Matsayin wannan maƙala shi ne cewa an juya darasin ne ƙafa a sama. Ana fara wa ɗalibi da lissafi, alhali kuwa lissafin shi ne ya kamata ya zo a ƙarshe. Abin da ya dace a fara da shi shi ne motsin ƙwayoyin da suka haɗu suka zama iska, sannan gwajin da ɗalibi zai gani da idonsa, sannan dalilin da ya sa ake auna zafi da sikelin Kelbin. Idan waɗannan uku suka zauna a ransa, lissafin ba zai ɗauke shi rabin darasi ba. Idan kuwa ba su zauna ba, karatun aku ya yi, kuma zai zubar da shi a ƙofar ɗakin jarrabawa.

Abin da ke gudana a cikin iska

Iskar da ake shaƙa cike take da ƙananan ƙwayoyi waɗanda masana ke kira molekul. Kusan kashi 78 cikin ɗari na ƙwayoyin nan na naitirojin ne, kashi 21 kuma na oksijin. Ƙanƙantarsu ta wuce misali: a cikin wurin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa santimita ɗaya-ɗaya ne, wato kamar kan ɗan yatsa, akwai ƙwayoyi kimanin biliyan 25 sau biliyan ɗaya. Duk da wannan yawa, mafi yawan wurin sarari ne kawai, domin ratar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya ta ninka girman ƙwayar kanta wajen sau goma. Wannan ne ya sa ake iya matse iska da famfo a tura ta cikin taya, amma ba a iya matse ruwa haka.

Ƙwayoyin ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. A zafin ɗaki, wato wajen digiri 27 a ma'aunin Selshiyos, ƙwayar naitirojin tana gudun kimanin mita 500 a daƙiƙa ɗaya, abin da ya yi daidai da kilomita 1,800 a awa. Da za ta miƙe ba tare da ta ci karo da komai ba, da ta tashi daga Kano ta isa Legas a cikin kusan rabin awa. Sai dai ba ta samun damar miƙewa, domin a kowace daƙiƙa tana karo da 'yan'uwanta sau biliyoyi, ta sauya hanya, ta sake karo, ta sake sauyawa. Waɗanda suka isa bangon mazubin da suke ciki sukan doke shi su dawo. Tarin dukan nan da ba ya yankewa shi ne abin da ake kira matsin iska. Zafi kuwa, a wajen masanin fiziks, ma'auni ne na matsakaicin ƙarfin motsin ƙwayoyin. Iska mai zafi ita ce wadda ƙwayoyinta ke gudu da sauri, mai sanyi kuma ita ce wadda nata suka rage gudu.

Daga nan duk sauran bayanin yake ɓullowa. A ɗauki balan-balan da aka hura aka ɗaure. Ƙwayoyin ciki suna dukan fatarsa zuwa waje, na waje suna dukanta zuwa ciki, fatar kuma ta tsaya inda ƙarfin ɓangarorin biyu ya yi kunnen doki. Idan aka ɗumama iskar ciki, ƙwayoyinta za su ƙara gudu, kowane duka zai ƙara ƙarfi, kuma dukan zai ƙara yawa. Sai fatar ta ja baya. Yayin da take ja baya wurin yana ƙara faɗi, ƙwayoyin suna ƙara warwatsuwa, yawan dukan da ke sauka a kan kowane ɓangare na fatar yana raguwa, har a sake samun daidaito. Ƙa'idar Chals ke nan gaba ɗayanta. Idan kuma mazubin na ƙarfe ne wanda ba ya iya buɗewa, girman iskar zai tsaya yadda yake, matsin ne zai yi ta hawa. Wannan ita ce ƙa'ida ta biyu da littattafai ke kira ƙa'idar matsi, kuma tushenta ɗaya ne da ta farko.

Akwai kuskure guda da ya zama ruwan dare a tsakanin ɗalibai, wato zaton cewa ƙwayoyin ne da kansu suke kumbura idan sun ji zafi, kamar yadda wake ke kumbura a ruwa. Ba haka abin yake ba. Girman kowace ƙwaya yana nan, yawansu yana nan, nauyinsu duka yana nan. Ratar da ke tsakaninsu ce kaɗai ta ƙaru. Ɗalibin da ya haddace ƙa'idar zai iya cin maki cikakke alhali wannan kuskure yana kwance a ransa, domin lissafin ba ya tona shi. Tambayar baki ce kawai ko zane a allo ke tona shi.

Abin da tarihi ya nuna

Tarihin wannan fanni da kansa hujja ce a kan cewa ganin abu yana aiki daban ne da sanin dalilinsa. A ranar 4 ga watan Yuni na 1783, wasu 'yan'uwa biyu masu sana'ar yin takarda a garin Anone na ƙasar Faransa, Yusufu da Etiyen Mongolfiye, suka tayar da wani ƙaton balan-balan sama ta hanyar hura wuta a ƙarƙashinsa. A watan Satumba na shekarar suka sake tayar da wani a Barsai a gaban Sarki Luwi na 16, ɗauke da tunkiya da agwagwa da zakara, a watan Nuwamba kuma mutane biyu suka hau irinsa suka ratsa sararin birnin Faris. Amma masu ƙirƙirar sun ɗauka cewa hayaƙin ne ke ɗauke da wata iska ta musamman mai ɗaga abu, saboda haka suka riƙa ƙona tattaka da gashin tumaki domin hayaƙin ya yi yawa. Gaskiyar magana ita ce zafi ne ke buɗa iskar ciki, wani ɓangare nata ya fice ta ƙasa, abin da ya rage ya fi iskar waje sauƙin nauyi. Iskar da ke cike wuri mai mita ɗaya ta kowace fuska tana da nauyin kimanin kilogiram 1.2 a digiri 20, amma a digiri 100 nauyin bai kai kilogiram ɗaya ba. Wannan ɗan bambanci na wajen rubu'in kilo, idan aka ninka shi sau dubbai, shi ne ke ɗaga kwando da mutanen cikinsa.

Jak Sharl, wanda ɗalibai suka fi sani da lafazin Ingilishi, wato Chals, shi ma ɗan wannan zamani ne. Ya tayar da balan-balan mai iskar haidirojin a watan Agusta na 1783, ya kuma hau irinsa da kansa a ranar 1 ga Disamba. Wajen shekarar 1787 ya lura cewa iskoki daban-daban suna buɗewa da gwargwado ɗaya idan an ɗumama su, amma bai wallafa binciken ba. Yusufu Ge-Lusak ne ya yi awon a tsanake ya wallafa a 1802, ya kuma ambaci aikin Sharl, abin da ya sa sunan ya bi ƙa'idar. Ge-Lusak ya gano cewa iskar da girmanta 100 ne a sanyin ƙanƙara takan zama 137.5 a zafin tafasar ruwa. Awon da aka yi daga baya ya gyara adadin zuwa kimanin 136.6.

To, amma me ya sa haka ke faruwa? Daniyel Barnuli ya riga ya kawo bayanin dukan ƙwayoyi tun 1738, sai dai ba a kula shi sosai ba. Sai a 1857 Rudolf Kilawsiyos na Jamus ya farfaɗo da batun da cikakken lissafi. Nan take wani masanin yanayi ɗan ƙasar Holan, Bois Balot, ya kawo suka mai ma'ana: idan har ƙwayoyi suna gudun ɗaruruwan mitoci a daƙiƙa, don me warin abu ba ya cika ɗaki cikin ƙiftawar ido? Kilawsiyos ya amsa a 1858 da cewa karon da suke yi da juna shi ne ke hana su nisa. Jems Makswel a 1860, da Ludwig Boltsman bayansa, suka nuna cewa ƙwayoyin ba gudu ɗaya suke yi ba: wasu na sauri, wasu na nawa, zafi kuma matsakaicin ne yake nunawa. Duk da haka wasu manyan masana sun ci gaba da shakkar samuwar ƙwayoyin, har sai da Albat Ainstain ya bayyana a 1905 cewa rawar da ƙananan ɓarɓashi ke yi a cikin ruwa, wadda Robat Burawun ya gani da madubin ƙara girma a 1827, dukan ƙwayoyin ruwa ne ke haddasa ta. Jan Feran ya tabbatar da haka da awo a 1908.

Fiye da shekara ɗari ke nan tsakanin gano ƙa'idar da tabbatar da dalilinta. Abin da ya ci wa manyan masana wannan tsawon lokaci, ba adalci ba ne a taƙaita shi cikin layi biyu a allo, a ce yaro ɗan shekara goma sha biyar ya kwafa, sannan a zarge shi da daƙiƙanci idan bai gane ba.

Dalilin ƙara 273

Babu inda illar hadda ta fi fitowa fili kamar wajen sikelin Kelbin. Ana gaya wa ɗalibi ya ƙara 273 a kan digirin Selshiyos kafin ya fara lissafi, ba a faɗa masa dalili ba, shi ya sa yakan manta. A ɗauki misali daga yanayin ƙasar Hausa. Da asubahin hunturu zafin iska a Kano yakan sauka zuwa wajen digiri 12, da tsakar ranar bazara kuma yakan kai 42. Wanda ya raba 42 da 12 zai ce iskar ta ninka girmanta sau uku da rabi. Da haka ne, da babu tayar da za ta kai watan Afrilu. Amsar gaskiya ita ce a raba 315 da 285, wanda ke nuna ƙarin kashi 10 cikin ɗari da 'yan kai.

Dalilin shi ne sifirin ma'aunin Selshiyos sifiri ne na yarjejeniya. An zaɓi sanyin da ruwa ke daskarewa ne kawai saboda sauƙin samunsa, amma a wannan sanyi ƙwayoyin iska suna nan suna gudun da ya kusa mita 500 a daƙiƙa. Kamar mutum ne ya auna tsawon mutane biyu daga kafaɗa zuwa sama, sannan ya ce wane ya ninka wane tsawo. Wanda ke son kwatanta tsawo dole ya fara daga tafin ƙafa. Tafin ƙafar zafi kuwa ana gano shi ne ta hanyar zane: idan aka auna girman iska a zafi daban-daban aka ɗiga sakamakon a takardar zane, ɗigogin za su jeru a miƙaƙƙen layi, idan kuma aka ja layin baya zai taɓa sifirin girma a digiri 273.15 ƙasa da sifirin Selshiyos. Kowace iska aka gwada, nan layinta ke nufa. Wilyam Tomson na Jami'ar Gilasgo, wanda daga baya aka ba shi sarautar Lod Kelbin, shi ne ya ba da shawarar sikelin da ke farawa daga wannan wuri a 1848.

A sikelin Kelbin, ninka zafi yana nufin ninka ƙarfin motsin ƙwayoyi. Daga digiri 27 zuwa 54 na Selshiyos ba ninki ba ne. Ninkin 27 shi ne 327, wato daga Kelbin 300 zuwa 600. Ko a nan ma ƙarfin motsin ne ya ninka, gudun kansa ya ƙaru ne da kimanin kashi 41 cikin ɗari, domin ƙarfin motsi yana tafiya ne da gudu sau gudu. Alaƙar zafi da motsin ƙwayoyi ta yi ƙarfin da tun daga ranar 20 ga Mayu na 2019, ma'anar Kelbin a tsarin awo na duniya ta dogara ne a kan adadin nan da ake kira da sunan Boltsman, wanda ke haɗa zafi da ƙarfin motsi. Ashe abin da wasu malamai ke ɗauka ƙarin bayani ne da za a iya tsallakewa, shi ne ginshiƙin ma'aunin kansa.

Wajibi ne kuma a gaya wa ɗalibi iyakar ƙa'idar. Babu iskar da girmanta ke komawa sifiri, domin kafin a kai can takan zama ruwa: oksijin a digiri 183 ƙasa da sifiri, naitirojin a 196, hiliyom kuma a wajen 269, kamar yadda Kamalin Ones ya nuna a Laidin a 1908. A tsibirin Boni na Jihar Ribas, inda aka fara fitar da iskar gas zuwa ƙasashen waje a 1999, ana sanyaya gas ɗin ne zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri, girmansa ya ragu kimanin sau 600. Ƙa'idar Chals ita kaɗai ba za ta ba da ragin da ya kai sau uku ba. Sauran ya samu ne saboda ƙwayoyin sun rage gudu har ƙarfin jan da ke tsakaninsu ya rinjaye su, suka haɗu suka zama ruwa. Wanda ya san motsin ƙwayoyi zai gane haka nan take, mai hadda kuwa zai yi ta lissafi a inda lissafin ya daina aiki.

Inda rashin sani ke jawo hasara

Da batun maki ne kawai, da da sauƙi. Amma wannan darasi yana bin mutum har gida da kan hanya. A ɗauki tayar mota da aka ba iska da safe a digiri 20 har gejin mai faci ya nuna 32. Bayan doguwar tafiya a kan kwalta mai zafi, iskar ciki tana iya kaiwa digiri 50. Idan aka haɗa da matsin iskar waje, wanda ya kusa 15 a wannan ma'auni, aka yi lissafi da Kelbin, za a ga gejin zai nuna wajen 37. Direban da bai san dalili ba yakan tsaya ya sace iskar don tsoron fashewa. Masu ƙera taya sun riga sun yi la'akari da wannan ƙari, shi ya sa suke cewa a auna iska tun taya tana da sanyi. Wanda ya rage iska da zafi, idan tayar ta huce za ta koma ƙasa da ƙima. Taya mai ƙarancin iska kuwa gefenta yana yawan lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasawar tana haifar da zafi, zafin yana raunana roba da zaren ciki, musamman idan an yi lodi fiye da kima ko tayar ta tsufa. Wato abin da ya yi don gudun fashewa shi ne ke kusantar da ita.

Tukunyar gas ta girki kuma wani babi ne. Abin da ke cikinta ruwa ne a ƙasa da tururinsa a sama. Idan ta ɗumama, ƙwayoyin tururin suna ƙara gudu, sannan wasu ƙwayoyin masu yawa suna ficewa daga ruwan su shiga tururin. Saboda haka matsin yana hawa fiye da yadda ƙa'idar matsi ke nunawa. Daga digiri 20 zuwa 50, iska zalla za ta ƙara matsi da kashi 10 cikin ɗari ne kawai, amma matsin tururin butan, ɗaya daga cikin sinadaran gas ɗin girki, yakan ninka har ya wuce. Ruwan kansa ma yana buɗewa da zafi, dalilin da ya sa ba a cika tukunya fal, ake barin wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari sarari. Mai sayen gas da ya matsa wa mai sayarwa ya ƙara masa fiye da nauyin da aka rubuta a jikin tukunya, yana ganin riba ya ci, alhali haɗari ya saya ya kai gidansa. Haka nan jarkar fetur da ke kumbura a rana, da gwangwanin maganin sauro na feshi wanda aka rubuta a jikinsa kada a bar shi a zafin da ya wuce digiri 50. Ko ya ƙare, akwai sauran gas a ciki, kuma idan aka jefa shi cikin shara aka cinna wuta zai tarwatse, ɓaraguzan ƙarfensa su yi wa na kusa rauni. Yara ne galibi ake aika ƙona shara.

Hatta jirgin sama bai tsira ba. Iska mai zafi ƙwayoyinta a warwatse suke, fukafukai da injin jirgi ba sa samun abin da ya ishe su turawa, sai jirgin ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. A watan Yuni na 2017 an soke tashin jirage da dama a birnin Finiks na Amurka lokacin da zafi ya kusa digiri 50. Magina na gargajiya kuma, da suke ɗaga rufin soro su huda ƙananan tagogi can sama, hanya suke ba iskar da ta ɗumama ta yi sauƙi domin ta fice.

Hanzarin malamai

Malamai suna da hanzari, kuma ba a raina shi ba. Na farko shi ne rashin ɗakin gwaji da kayan aiki. Wannan gaskiya ne a makarantu da yawa, kuma haƙƙi ne a kan hukuma ta samar. Sai dai wannan darasi yana cikin waɗanda ba su buƙatar kaya masu tsada. Kwalbar lemo da balan-balan da roba biyu, ɗaya da ruwan zafi ɗaya da ruwan sanyi, sun isa. A ɗaura balan-balan a bakin kwalba, a tsoma ta a ruwan zafi, zai miƙe. A mayar da ita ruwan sanyi, zai kwanta. Wani ɗalibi zai ce ai iska mai zafi ce ta hau sama. Sai malami ya kifa kwalbar, bakinta ya dubi ƙasa, a naɗe ta da tsumma mai zafi. Balan-balan zai sake kumbura, ta ƙasa wannan karon, ajin kuma ya gane cewa iskar buɗewa take yi ta kowace fuska. Ƙwallon tebur da ya lotsa ba tare da ya huje ba yakan miƙe a ruwan zafi. Sirinji sabo marar allura, wanda aka toshe bakinsa da iska mililita 10 a cikin ruwan ƙanƙara, zai nuna kusan 13 da rabi a ruwan da ke tafasa idan sandarsa tana zamewa da kyau. Da ma'aunin zafi ɗaya da awo huɗu ko biyar, ɗalibai za su ja layinsu da kansu su ga inda ya nufa. Ko sun sami 250 ko 300 maimakon 273, sun yi abin da Ge-Lusak ya yi, kuma tattauna dalilin kuskuren darasi ne na biyu. Gani ya kori ji.

Hanzari na biyu shi ne ƙarancin lokaci da yawan manhaja. Amma bayanin motsin ƙwayoyi rage aiki yake yi. Ƙa'idar Boyil ta 1662, da ta Chals, da ta matsi, da yaɗuwar wari, da bushewar wanki, da tafasar ruwa, duk reshe ne na itace ɗaya. Malamin da ya kashe darasi biyu a kan tushen ya huta da koyar da abu shida a rarrabe.

Na uku shi ne cewa jarrabawa da Ingilishi ake yin ta, don haka bayani da Hausa ɓata lokaci ne. Babu mai cewa a bar kalmomin da jarrabawa ke nema. Abin da ake cewa shi ne yaron da ke kokawa da baƙon harshe da baƙon tunani a lokaci ɗaya, yawanci harshen yake kamawa ya saki tunanin. Minti biyar na bayani da harshen da yake tunani da shi, sannan a koma kalmomin littafi, ba ya rage masa komai. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare darussa har da kimiyya da Yarabanci tsawon shekara shida, ya nuna cewa yaran ba su koma baya a Ingilishi ba. Hanya mafi sauƙi ta gane ko ɗalibi ya fahimci ƙa'idar Chals ita ce a ce ya bayyana wa ƙanensa da Hausa. Mai hadda ba zai iya ba, domin ba a fassara abin da ba a gane ba.

Kammalawa

Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. Malami ya fara da ƙwayoyi da motsinsu, ya sa ɗalibai su zana iskar kwalba kafin ɗumamawa da bayanta domin kuskuren kumburin ƙwaya ya fito a gyara shi. Ya yi gwaji ko da guda ɗaya ne, ya bari su ja layin da zai kai su ga 273, sannan ya kawo lissafi. Ya rufe da taya da tukunyar gas da gwangwanin feshi, ya nuna inda ƙa'idar ke aiki da inda take tsayawa. Masu tsara tambayoyin jarrabawar makaranta su riƙa sa tambayar "don me" kusa da tambayar "nawa ne", domin abin da ake tambaya shi ɗalibi ke karantawa. Sassan kimiyya da na Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi su haɗa kai wajen daidaita kalmomin fannin, don kada kowane malami ya riƙa ƙirƙirar nasa.

Ɗalibi kuma kada ya jira sai an kawo masa. Kwalba da ruwan zafi suna kowane gida. Ranar da ya iya hana direba sace iskar taya mai zafi, ko ya hana ƙanensa jefa gwangwanin feshi a wuta, kuma ya faɗi dalili daki-daki har su gamsu, ranar ce darasin ya zama nasa.